Musayar Waƙa: Autan Charles Ya Bar Fada

Malamin Zaure:
Salamu alaikum. Yau a Ingila za mu yini, kan Yarima Harry, ɗan Sarki Charles, da matarsa Meghan. Amsa-amo "ta" ne. Bismillah.

Da sunan Sarkin duk sarakai,
Shi kaɗai ne ya cancanci bauta.

A 2018 aka ɗaura a Windsor,
Auren Harry, wurin Charles shi ne auta.

Shekara biyu ba ta cika ba ya sallama,
Ya bi Meghan, ya ajiye aikin sarauta.

Kakarsa Elizabeth ta yi shekara 70 kan karaga,
Wa ya ji ta ce na gaji, zan huta?

Uwar Biyu:
Haba Malam, a sassauta wa mata,
Komai ya ɓaci a gida sai a ce ita.

A 1936 Sarki Edward ya sauka,
Ina Meghan? Ba a ma haifi uwarta.

Kan bazawara 'yar Amurka ya bar gado,
Ƙaninsa George ya gaji sarauta.

Harry na da 12 uwarsa Diana ta rasu,
A Faris, masu hoto na bin motarta.

Aka sa yaro ya taka a ƙasa,
Gaban duniya, a bayan gawarta.

In ya ga jaridu sun taso matarsa,
Laifi ne don ya ɗauke ta ya nisanta?

Tsohon Soja:
Hajiya, ban ƙi taki ba. Yaron ya yi shekara 10 cikin kaki, sau biyu yana zuwa Afganistan, don haka ba na kiransa rago. Sai dai:

Tafiyar ba ita ce ta dame ni ba,
Wanda ya gaji da gida yana iya fita.

Hira da Oprah a talabijin ita ta ƙona min rai,
Sirrin ɗaki kakaf ya furta.

Bai tsaya nan ba ya ƙara da littafi,
Har faɗansa da yayansa William ya rubuta.

Hannunka bai ruɓewa ka yanke ka yar,
Bare ka kai shi kasuwa ka tallata.

Uwar Biyu:
Yallaɓai, a ina ya koyo?

Ubansa, mijin Diana, ya riga shi shiga talabijin,
A 1994 ya amsa cin amanarta.

Meghan ta ce an damu da launin ɗanta,
Tun yaron yana kwance a cikinta.

In surukai suka yi wa 'yarka haka,
Za ka ce ta yi shiru, ta haɗiye a ranta?

Ɗan Kawo:
Ku ba ni wuri, mu Kaduna muna da ta cewa.

A 1956 kakarsa ta zo garinmu,
Aka yi hawan daba don girmama ta.

A 2024 jikan ya biyo sawu,
Ya duba sojojin da yaƙi ya raunata.

Amma ran naɗin ubansa a layi na uku ya zauna,
Shi kaɗai, Meghan tana gidanta.

Tsohon Soja:
Madalla, Ɗan Kawo. Hajiya, saura ɗaya:

Kin ce gidan miji ne ke da laifi,
To ran biki Charles ya raka ta, ina ubanta?

Uwar Biyu:
Uban da ya haɗa baki da masu hoto,
Ana saura kwanaki a ɗaura aurenta?

Kawo wata, Yallaɓai. Bari in sauke tuwo in dawo.