Ta yaya kakanni mata na Meziko suke riƙe girkin gado da zumunci bayan ƙaura?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum. Na lura cewa iyalan Meziko da suka zauna a Amurka, har waɗanda jikokinsu ba su jin Sifaniyanci sosai, ba su rabu da abincin gida ba, kuma duk inda aka taɓo maganar sai a ambaci kaka, wadda suke kira abuwela. Don Allah, mene ne ainihin abin da waɗannan tsofaffi suke yi?

Ɗalibin Tarihi: Wa alaikumus salam. Ƙaurar ta daɗe, domin shirin Bracero, na ɗaukar ma'aikatan wucin gadi daga Meziko, ya kwashi maza zuwa gonakin Amurka daga 1942 zuwa 1964, aka bar mata da yara a ƙauyuka, kuma bayan dokar Amurka ta 1986 da ta ba mutane kusan miliyan 2.7 takardun zama ne iyalai da yawa suka haɗu a wuri guda. Kakar da ta bi 'ya'yanta ita ce ke renon jikoki idan iyaye sun tafi aiki, saboda haka ɗanɗanon hannunta ne yaro yake fara sani.

Maman Yara: Malam ya yi bayani, amma ni a ganina sirrin yana cikin wahalar girkin ne. Tamale ba abincin mutum ɗaya ba ne. Ana jiƙa ɓawon masara, a shafa ƙullun masara a kansa, a zuba nama da miyar barkono, a naɗe, sannan a turara, kuma idan Kirsimeti ta matso iyali sukan yi da yawa a zama ɗaya. Kaka ce ke raba aiki, ita ce kuma ke jefa ɗan ƙullu a kofin ruwa ta ga ko zai taso sama, alamar ya bugu. Ba ta auna komai, shi ya sa wanda bai zauna kusa da ita ba ba zai iya ba ko da an rubuta masa. A wannan zaman ne ake jin labarin wanda ya rasu da wanda ya yi aure a can gida.

Ɗan Nazari: Hajiya, na yarda da ke, sai dai kada mu ƙawata lamarin fiye da kima. Asalin ƙullun ana samunsa ne ta dafa masara da garin ƙonannen farin dutse, a bar ta ta kwana, a wanke, a niƙa, hanyar da ke fito da sinadarin niyasin, wani nau'in bitamin B. Yawancin gidaje a Shikago ko Los Anjalis garin masarar kanti mai suna Maseca suke saye, domin mai aiki biyu ba ta da wannan lokacin. Akwai kuma kakar da ba ta ƙaura ba, wadda ta shekara ashirin ba ta ga ɗanta ba saboda ba shi da takardun da zai fita ya dawo. Ita sai dai ta ƙulle busasshen barkono da dunƙulen miyar mole ta ba masu kai saƙo, sannan ta koyar da surukarta ta kiran bidiyo.

Mai Tambaya: Na gode ƙwarai. Wannan ta ƙarshen ce ta fi tsaya mini a rai. Shin irin su suna samun bizar ziyara kuwa?

Ɗalibin Tarihi: Wasu suna samu. Gwamnatin jihar Michowakan ta Meziko ta taɓa kafa shirin Palomas Mensajeras, wanda ya taimaka wa tsofaffi neman biza, ya kuma raka su rukuni-rukuni su yi 'yan makonni tare da 'ya'yansu kafin su koma.