Waɗanda suka fara hawan dutse bayan ritaya, ku zo ku faɗa mana yadda kuka yi

Tsohon akanta:
Assalamu alaikum jama'a. Wata bakwai kenan da na ajiye aiki, muka tattara ni da uwargida muka koma wani gari da ban taɓa zama ba, don mu matso kusa da yaran. Garin duwatsu ne, kana buɗe taga su za ka fara gani. Satin da ya wuce na gwada wata 'yar hanya da mutane ke bi su hau, hawan bai wani ba ni wahala ba tunda ina yi ina hutawa, amma da na zo saukowa wallahi gwiwoyina rawa kawai suke, kwana uku cinyoyina kamar an daka. Shekarata 63 kuma bana so in bari, abin da na gani a saman nan ya shiga raina. Don Allah wanda ya fara da girma irina ya ba ni labarin nasa.

Nas mai ritaya:
Wa alaikumus salam Alhaji, sannu da ƙoƙari. Nima haka ta faru dani farkon zuwana inda nake yanzu, da ƙyar nake sauka daga matakalar gida. Ai saukowa tafi cin jiki, naman cinya ne ke riƙe nauyinka kamar birki duk taku ɗaya, shi yasa ciwon ba ya zuwa a ranar, sai washegari ko bayan kwana biyu ya taso da ƙarfi sannan ya lafa da kansa. Abin da ya taimake ni sanduna biyu ne irin na masu hawan dutse, da rage faɗin taku, da barin gwiwa a ɗan lanƙwashe kar ka miƙar da ita a sanƙare. Takalmi kuma ya zama yana da sarari a gaba, don ni farcen babban yatsana sai da yayi baƙi ya fita saboda dukan da yake sha a gangara. Amma in gwiwar ce kanta ta kumbura, ko kana da hawan jini ko suga, don Allah ka fara ganin likita. Ni ma'aunina in ina hawa na kasa yin magana jimla guda ba tare da haki ba to na wuce ƙarfina, sai in rage. Kuma ka dinga shan ruwa ko baka ji ƙishi ba, mu da muka manyanta ƙishin baya mana sallama da wuri.

Tsohon safiyo:
Ni aikina dama yawo ne a daji amma duk da haka sai da dutsen sabon wurinmu ya koya min darasi. Na duba taswira naga kilomita 6 ne zuwa sama nace ai wannan awa ɗaya da 'yan mintuna ne, na fita da la'asar, ban lura da yadda layukan tsayi suka matse da juna a taswirar ba, alhali nasan sarai in suka matse hawa ne a tsaye. Duhu ya same ni ina tsakiyar gangara ba tocila. Na sauko lafiya amma iyalina basu ji daɗi ba sam. Tun daga ranar na koma lissafin da wani mahayin dutse ɗan Sikotilan mai suna William Naismith ya fitar a 1892, awa ɗaya ga kowace kilomita 5, sannan ka ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 da za ka hau sama. To wannan na mai jini a jika ne kuma bai sa hutu a ciki ba, ni sai in ƙara rabin abin da ya bani a kai. Sannan kafin in bar gida nake yanke lokacin juyowa, in lokacin yayi ko ina hango ƙololuwar juyawa nake.

Baƙo a gari:
Nawa ɓata ne. Hanya ta rabu biyu na bi wadda tafi faɗi, ashe ta dabbobi ce. Waya kuma inda ba sabis batir take sha tana ta nema, na duba ta kusa mutuwa. Yanzu tun a gida nake sauke taswirar, in sa wayar a yanayin jirgi, in faɗa wa ɗiyata hanyar da zan bi da lokacin da zan dawo. Kuma duk mararraba nakan waiga in kalli yadda take ta baya, don kamanninta daban ne in kana dawowa.

Malamar makaranta a da:
Alhaji ka tafi da rigar sanyi ko da a ƙasa zufa kake. Duk mita 1000 da ka hau zafi na raguwa da wajen digiri 6 da rabi, ga iska, ga rigarka ta jiƙe da gumi, kana tsayawa hutawa sanyi zai kama ka. Mu hadari ne ya taɓa taso mana muna sama ni da maƙwabciyata, muka ga walƙiya muka ƙirga daƙiƙa 9 kafin tsawa, wato kilomita 3 ne kacal tsakaninmu da ita tunda duk daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce, ba shiri muka gangaro muka bar kan tudun da bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Amma gaskiya abin da nafi so in faɗa ba wannan bane. Na koma garin nan bayan rasuwar maigidana ban san kowa ba, kwanaki sai su wuce ban yi magana da mutum ba in ba a waya ba. A kan hanyar dutsen nan na fara sanin mutane, gaisuwa ce yau gobe har muka zama mu biyar masu fita tare duk sati, babbarmu shekararta 71 kuma ita ce ta san inda ke santsi bayan ruwa da inda inuwa take da rana. Wannan duk ba a taswira yake ba, a bakin waɗanda suka daɗe a wurin yake. Ka tsaya ka gaishe su ka tambaya.

Tsohon akanta:
Allah ya jiƙan maigidanki Hajiya, ya saka muku da alheri duka. Gwiwar bata kumbura ba amma ina shan maganin hawan jini, don haka zan ga likita kafin in sake hawa. Akwai wani dattijo da na haɗu dashi a hanyar ranar, zan neme shi mu dinga fita tare, rabin hanya zan fara tukunna. Hajiya nas, sandunan nan ana ƙara musu tsawo ne in za a gangaro ko yadda suke ake barinsu?

Nas mai ritaya:
Amin Alhaji. Ana ƙarawa kaɗan in za ka sauko, a rage in za ka hau. A fili kuma ka daidaita su yadda in ka riƙe, hannunka daga gwiwar hannu zuwa tafi zai kwanta daidai da ƙasa, sannan ka tabbatar makullin ya kama sosai kafin ka ɗora musu nauyi.