Wace kalma za mu sa wa "rebuild" a labarin hokin ƙanƙara?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Masu rubuta labarin wasanni, ga tambaya. A gasar NHL ta Amurka da Kanada, idan ƙungiya ta gaji, shugabanninta sukan sayar da manyan 'yan wasanta da gangan, su karɓi matasa da guraben zaɓe (damar zaɓar sabbin 'yan wasa), su haƙura da neman kofi na wasu shekaru. Turawa na kiran wannan "rebuild". Na ga ana rubuta "sake gini", wasu kuma "garambawul". Akwai 'yan'uwanta biyu da ake cakuɗa su da ita, "retool" da "tanking". Ina son mu tsayar da kalma ɗaya ga kowacce.

Binta: Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin a zaɓi kalma, ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa abin yake yiwuwa, don wanda ya saba da Firimiya zai ɗauka hauka ne. A NHL babu faɗawa rukunin 'yan dagaji. Ƙungiyoyi 32 ne, ko ka zo na ƙarshe kana nan baɗi. Sannan duk shekara ana raba sabbin matasa ta hanyar zaɓe mai zagaye 7, kuma wanda ya fi kowa shan kashi shi ya fi samun damar zama kan gaba a layi. Na uku, akwai iyakar albashi, wato jimillar abin da ƙungiya za ta iya biyan 'yan wasanta, tun kakar 2005-06, lokacin tana dala miliyan 39, a kakar 2025-26 kuma ta kai miliyan 95.5. Ba ka da ikon fita kasuwa ka sayo taurari da kuɗin mai gida. Hanya mafi araha ta samun babban ɗan wasa ita ce ka zaɓe shi yana ɗan shekara 18. "Sake gini" ba ƙarya ba ce, amma ba ta nuna cewa da hannunka ka fara zubar da abin da kake da shi.

Malam Lawal: Ni "garambawul" nake gani ta dace da "retool", ba da waccan ba. Idan gwamna ya yi wa majalisarsa garambawul, shi yana nan a kujerarsa, kwamishinoni ne ke canjawa. Dubi Washington Capitals. Sun kasa shiga zagayen neman kofi a 2023, amma ba su saki Alex Ovechkin ba. A 2024 suka kawo Pierre-Luc Dubois da Jakob Chychrun da mai tsaron raga Logan Thompson, suka ƙare kakar 2024-25 a saman ɓangaren gabas. Ginshiƙai na nan, an canja na gefe. Wannan shi ne garambawul.

Chicago Blackhawks kuwa wani abu daban suka yi. A Yulin 2022 suka tura Alex DeBrincat zuwa Ottawa, yaro ɗan shekara 24 da ya ci ƙwallo 41 a kakar da ta gabata, ba don ya tsufa ba, sai don ya koma guraben zaɓe. A Fabrairun 2023 Patrick Kane ya tafi New York Rangers. A Yunin shekarar suka zaɓi Connor Bedard a gurbi na farko. Ga wannan ina ba da shawarar "sabon zubi".

Sa'adu: Malam Lawal, me zai hana "sabon lale"? Kowa ya san ta, kuma tana nufin an watsar da na baya an faro daga farko.

Malam Lawal: Lale na karta ne, Sa'adu, sa'a ce zalla, kuma nan take ake ganin abin da hannu ya ɗauko. Wannan aikin kuwa lissafi ne na shekaru. Zubi yana ɗauke da ma'anar ka sa yanzu, ka jira, ka kwasa daga baya.

Yaya Inuwa: Ina bayan "sabon zubi", saboda matakan aikin kansu haka suke tafiya. Da farko babban manaja yana duba kwantiragin kowa. Ɗan wasan da ya kai shekara 27, ko ya yi kaka 7 a gasar, idan kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya inda ya ga dama ba a ba ka ko kwabo ba. Irin waɗannan ake fara sayarwa kafin a rufe kasuwar musaya a farkon Maris, lokacin da masu neman kofi ke biya da tsada. Idan albashinsa ya yi wa mai saye nauyi, kana iya ci gaba da biyan har rabinsa don a ƙara maka gurbi mai kyau, amma kwantiragi uku kawai aka yarda ka riƙe haka a lokaci guda. Wanda ke da sharaɗin hana musaya a kwantiraginsa, sai da yardarsa zai motsa, kuma hakan kan karya farashi domin shi zai zaɓi inda za shi.

Bayan an sayar, wata matsala ta taso: akwai mafi ƙarancin albashin da dole ƙungiya ta kashe, dala miliyan 70.6 a 2025-26. Shi ya sa za ka ga mai sabon zubi yana karɓar kwantiragin da ya zama kwantai a hannun wasu, a haɗa masa da gurbin zaɓe a matsayin ladan ɗauka. Arizona Coyotes sun shahara da wannan, har sun karɓi kwantiragin Pavel Datsyuk a 2016 bayan ya yanke shawarar komawa Rasha.

Sai lokacin kwasa, kuma nan ake yawan yin kuskure. Matashin da ya sa hannu tsakanin shekara 18 da 21 yana samun kwantiragin farko na shekara 3 mai araha. Albashin Bedard a kwantiraginsa na farko na 2023 dala 950,000 ne a shekara, ban da ladan bajinta. Idan ɗan shekara 18 ko 19 bai buga wasa 10 a NHL ba, shekarar ba ta shiga lissafi, don haka ake gwada yaro wasa 9 a mayar da shi ƙaramar gasa. Dole ƙungiya ta yi ƙarfi kafin waɗannan kwantiragi masu araha su ƙare, in ba haka ba duk yaran za su nemi babban albashi tare. Ga kuma ƙa'idar kwantiragi 50 a ƙungiya da mutum 23 a jerin babbar tawaga: tara gurabe barkatai ba ya amfani idan babu wurin ajiye yaran.

Binta: To saura "tanking". Ina ganin "faɗuwar gangan". 'Yan wasa ba sa barin a ci su, manaja ne ke haɗa tawagar da ya san ba za ta iya ba. A lura a rubutu cewa faɗuwar gangan dabara ce a cikin sabon zubi, ba ita ce shi ba, kuma ba ta da tabbas. Ana jefa ƙuri'a tsakanin ƙungiyoyi 16 da ba su shiga zagayen neman kofi ba. Na ƙarshe damarsa ta samun gurbi na farko kashi 25.5 ce cikin ɗari, yana iya zamewa zuwa na uku. Buffalo Sabres sun zo na ƙarshe a 2014-15 suna hangen Connor McDavid, ƙuri'a ta faɗa wa Edmonton. Buffalo suka ɗauki Jack Eichel, suka sayar da shi ga Vegas a 2021, ya ci kofi a can a 2023, Buffalo kuwa daga 2012 har 2025 ba su leƙa zagayen neman kofi ba. Edmonton ɗin ma sun yi zaɓen farko a 2010 da 2011 da 2012 ba su tashi ba, saboda duka ukun 'yan gaba ne, baya da raga a buɗe.

Sa'adu: Na yarda da ukun, ko da yake "gangan" ta yi mini kaifi, tunda babu manajan da zai amsa ta a bainar jama'a. Mafi kusa shi ne wasiƙar da Rangers suka rubuta wa magoya bayansu a Fabrairun 2018 cewa za su rabu da fuskokin da aka saba da su. Sai dai akwai kalmar da muka tsallake, "buyout".

Yaya Inuwa: "Sallama da biya" ta wadatar. Mai shekara 26 zuwa sama ana ba shi kashi biyu cikin uku na ragowar albashinsa, na ƙasa da haka kashi ɗaya cikin uku, a shimfiɗa biyan a kan ninki biyu na shekarun da suka rage, kuma yana ci gaba da cin wuri a iyakar albashi. Minnesota Wild sun sallami Zach Parise da Ryan Suter a Yulin 2021, kuma da yake an riga an biya mafi yawan kuɗin kwantiraginsu a shekarun farko, lissafin ya juyo kan ƙungiyar: kusan dala miliyan 14.7 a kowace kaka, 2023-24 da 2024-25, a kan mutum biyu da ba sa sa rigarta.

Malam Habu: Madalla. Ga yadda zan riƙa rubutawa: Chicago na cikin sabon zubi, Washington ta yi garambawul, ana zargin Buffalo da faɗuwar gangan a 2015, Minnesota ta yi wa Parise sallama da biya. Sa'adu, na sa "ana zargin" saboda kai. "Waivers" ce ta rage, inda ake ba sauran ƙungiyoyi awa 24 su ɗauke ɗan wasa kafin a tura shi AHL, gasar da ke ƙasa da NHL. Wanda ke da kalma ya kawo.