Wai da gaske ne zari-ruga na neman danne wasannin gargajiyar Ailan?

Direban_Kharj:

Salamu alaikum jama'ar gida, ya zafi ya dawam. Tambaya ce da ni ko Allah zai sa a samu wanda ya san kan abin. Ni direba ne a wata gona nan wajen Kharj, to akwai turawa biyu 'yan Ailan da nake ɗauka in kai su Riyad in dawo da su, ɗaya dattijo ne ya kusa ritaya mutumin gundumar Kerry, ɗayan kuma yaro ne injiniya sabon zuwa daga Dablin. Wallahi mutanen nan da sun shiga mota ba su da hira sai musun ƙwallo, kuma ba ƙwallon da muka sani ba fa. Shi yaron zari-ruga ce tasa, shi kuma dattijon cewa yake wannan wasan 'ya'yan masu kuɗi ne, nasu na gado shi ne wasa. Har ya nuna min a wayarsa, wani ana gudu da sanduna masu faɗin kai kamar muciya ana dukan 'yar ƙaramar ƙwallo a sama, wani kuma ƙwallon ƙafa ce sak amma ana cafewa da hannu ana gudu da ita alƙalin wasa ko usur ba ya busawa.

Shekaranjiya yaron ya ce masa ka jira ka gani jikokinka zari-ruga za su buga, kai jama'a dattijon nan ya haɗe rai har muka wuce shingen 'yan sanda muka shiga gari bai ƙara cewa uffan ba. Ni Turancina na kan hanya ne ba komai nake kamawa ba. Shin da gaske ne zari-rugar ta fara rinjaye a can? Kuma me ya sa abin ya yi zafi haka, ni dai a ganina wasa ai wasa ne.

Likitan_Abha:

Wa alaikumus salam malam direba, sannu da hanya. Na zauna a Dablin lokacin karatu kafin in dawo nan, to bari in ba ka abin da na sani. Ruwa ba ya tsami banza, fushin dattijon yana da tushe.

Wasannin biyu da ya nuna maka, mai sandar shi ne harlin, ɗayan kuma ƙwallon Gelik, duka ƙungiya ɗaya ke riƙe da su wato GAA, an kafa ta 1 ga Nuwamba 1884 a garin Thurles lokacin ƙasar tana hannun Ingila. Kuma ba don nishaɗi kawai aka kafa ta ba, don kada wasannin Ingilishi su shafe nasu ne, tare ta taso da fafutukar raya yarensu da neman 'yanci. Har doka suka yi cewa duk ɗan ƙungiyar da aka kama yana buga zari-ruga ko ƙwallon ƙafa ko kurket, kai ko kallo kawai ya je, to an dakatar da shi. Ba wasa suke ba, a 1938 shugaban ƙasa da kansa Douglas Hyde sai da suka cire shi daga uban ƙungiya don ya je kallon ƙwallon ƙafa tsakanin Ailan da Folan. Sai 1971 aka soke dokar nan. To ka lissafa shekarun dattijonka, iyayensa a cikinta suka rayu, shi ma wataƙila ya riske ta yana ƙarami.

Sannan akwai maganar jini. Babban filinsu Croke Park a Dablin, mai cin mutum 82,300, ranar 21 ga Nuwamba 1920 ana tsakiyar wasa tsakanin Dablin da Tipperary dakarun Birtaniya suka shigo suka buɗe wa 'yan kallo wuta, mutum 14 suka mutu har da ɗan wasa Michael Hogan wanda yanzu sunansa ne a kan ɓangare guda na filin. Shi ya sa da aka zo 2005 ana son a ara wa 'yan zari-ruga filin saboda za a rushe nasu a sake ginawa, sai da aka kai ruwa rana kafin a yarda. Ranar 24 ga Fabrairu 2007 Ingila ta zo ta buga zari-ruga a wannan filin, aka rera taken Ingila a inda aka harbi mutanen nan, kowa yana tsoron za a yi ihu amma tsit aka yi har aka gama, sannan Ailan ta lallasa su 43 da 13. Ni a ganina daga ranar ne zari-ruga ta daina zama baƙuwa a idon mutanen karkara da yawa. Abin dariyar ma ɗaya daga cikin makin da aka fi tunawa a wasan Shane Horgan ne ya ci, an bugo masa ƙwallo sama ya yi tsalle ya cafe ta bisa kansa, irin cafiyar 'yan Gelik, don shi ma ya buga Gelik yana yaro a Meath.

Amsar tambayarka kuwa, eh ta bunƙasa sosai wannan ba musu. Tunda aka fara biyan albashi a zari-ruga a 1995 Ailan ta tsara abinta, larduna huɗu kulob huɗu, Leinster, Munster, Ulster, Connacht, sai kofin Turai ya fara shigowa, Ulster a 1999, Munster 2006 da 2008, Leinster sau huɗu daga 2009 zuwa 2018. Ita kuma tawagar ƙasa a gasar ƙasashe shida ta cinye duka wasanninta a 2009, rabonta da haka tun 1948, ta maimaita a 2018 da 2023. A 2016 a Shikago suka doke Niyu Zilan 40 da 29, karon farko cikin shekara 111, a 2022 kuma suka bi su har gida suka ci biyu cikin uku. Ƙasar da duka tsibirin mutum wajen miliyan bakwai ne ta zama ta ɗaya a duniya, dole yara su ruɗe. Amma dannewa? A'a, da saura tukuna.

Ɗan_Maraɗi_a_Makka:

Likita Allah ya ƙara sani. Ni ban taɓa ganin wasan ba amma na gane dattijon nan sarai. Mu a Nijar ana kallon Real Madrid da Barca dare da rana, amma ranar da aka fara kokawar takobi kasuwa ma sanyi take yi, kowa na bakin rediyo ko talabijin, tun 1975 da aka fara a Tawa har yau. Dalili ɗan garinku ne a fili, in Issaka Issaka ya kayar to Doso ce ta kayar. Nan Makka ma in lokacin ya zo za ka gan mu bayan isha'i a bakin baƙala, wato kanti, mutum goma kan waya ɗaya.

Maman_Sultan:

Salamu alaikum, bari in sa baki duk da mata ba a cika jin mu a hirar ƙwallo ba. Yayana yana zaune da iyalinsa a wani ƙaramin gari a yammacin Ailan, na je musu hutu daga Dammam, abin da na gani da idona shi zan faɗa.

Ɗansa na biyu harlin yake bugawa. Ranar Asabar da sassafe ga ruwa ga sanyin da ke shiga ƙashi, haka za a tashe shi ya sa hular kwano mai wayoyin ƙarfe a fuska, ya ɗauki sandarsa da aka naɗe mariƙinta da roba, uban ya kai shi fili. Mai koya musu ba albashi ake ba shi ba, malamin firamare ne, wanda ke zana layin fili da farin fenti manomi ne, matan unguwa kuma suna cikin ɗakin kulob suna dafa shayi suna yanka burodi. Ni da hijabina aka miƙo min kofi aka ce ai ke gwaggon wane ce ko, sun san yaron sun san ubansa sun san ajinsu. Matar yayana ta ce min duk wanda ya zo garin baƙo in yana son a san da shi to ɗansa ya shiga kulob ɗin nan, har ta'aziyya da tara wa mara lafiya kuɗi a nan ake shiryawa. Kuma kusan kowane ƙauye da nasa. To ta ina zari-ruga za ta bi ta tumɓuke wannan?

Amma fa ku ji ɗaya gefen. Shi wannan yaron dai da hunturu ya shigo zari-ruga yake zuwa a garin da ke kusa da su, kuma hoton da ya manna a bangon ɗakinsa na ɗan zari-ruga Bundee Aki ne ba na ɗan harlin ba. Yawancin abokansa haka suke, biyu suke haɗawa wasu ma uku da ƙwallon ƙafa. Rigimar sai sun kai sha biyar sha shida take tasowa, wannan koci ya ce tirenin ranar Talata wancan ma ya ce Talata, dole yaro ya zaɓa. Uwarsa dai addu'a take ya bar zari-rugar saboda karon kai, ni ma da na ga yadda ƙarti takwas ke sunkuyawa su haɗa kafaɗa da wasu takwas suna turereniya sai da na kau da kai.

Ɗan_Nasr7:

Hajiya da Likita ku yi haƙuri ni dai ina bayan injiniya. Duk wannan shayi da burodi na ji, amma masu gidan rana fa? Mu da muke Riyad mun gani da idonmu, kafin Ronaldo ya zo Nasr farkon 2023 wa ke kallon lig ɗin Saudiyya a Kano in ba lokacin da Ahmed Musa yake nan ba, yanzu kuwa har gidan kallo ake sakawa. Kuɗi ne ya yi wannan ba tarihi ba. Ɗan wasan GAA fa zai buga fainal gaban mutum dubu tamanin da biyu, an sayar da tikiti an sayar da talla, shi kuma ba albashi, ranar aiki ya koma aji ko banki, alhali tirenin ɗin da yake yi bai da maraba da na ƙwararru. Sa'ansa da ya bi zari-ruga kuwa an ba shi kwantiragi yana yawo Faransa da Afirka ta Kudu. In kai ne uban yaron tsakaninka da Allah wanne za ka ce ya bi? Ostireliya ma zuwa take tana kwashe musu 'yan Gelik maza da mata tana biyansu a nata wasan. Su kansu sun san da matsala shi ya sa a 2025 suka canza dokokin Gelik ɗin har da ba da maki biyu ga bugun nesa, don mutane sun fara cewa wasan ya koma ba ni in ba ka babu armashi.

Likitan_Abha:

Ƙanena maganarka akwai ƙamshin gaskiya amma ka duba lissafin. Kulob huɗu ne kacal ke biyan albashi a duk tsibirin, yara nawa za su ɗauka? Kuma hanyar shiga, musamman a Leinster, yawanci ta makarantun kuɗi ce irin Blackrock da St Michael's da Clongowes, Brian O'Driscoll ma Blackrock ya yi. Abin da dattijon ke nufi ke nan da 'ya'yan masu kuɗi, kodayake ya ɗan yi son kai, don a Limerick zari-ruga ta leburori ce tun da can, nan ne Munster ta doke Niyu Zilan 12 da nema a 1978, kuma garin nan dai shi ya ɗauki kofin harlin sau huɗu a jere daga 2020 zuwa 2023. Gari ɗaya wasa biyu babu wanda ya kashe wani.

Ni inda na ga zari-ruga ta fi ƙarfi ba albashi ba ne. GAA kusan ba ta da wata ƙasa da za ta kara da ita, Kerry ce da Dablin, Kilkenny da Cork, ɗan Kerry ya yi murna ɗan Dablin ya kwana da takaici. Zari-ruga kuwa tana ba su damar su haɗu su doke Ingila, kuma tawaga ɗaya ce da Arewacin Ailan da Jamhuriya, abin da ƙwallon ƙafa ba ta yi ba. To a Fabrairu da Maris kowa ɗan zari-ruga ne, har wanda bai san dalilin da ya sa ba a jefa ƙwallon gaba ba, amma kallo daban bugawa daban, in Yuli ta zo ana fainal a Croke Park tikiti sai mai uwa a gindin murhu. Kuma in ana neman wanda ke janye yaran birni da gaske a duba Liverpool da Man United.

Malam direba in kana son dattijon ya saki fuska ka tambaye shi sau nawa Kerry ta ɗauki kofin Sam Maguire na ƙwallon Gelik, babu gundumar da ta kai su. In kuma injiniyan ya cika baki ka tambaye shi yaushe Ailan ta taɓa wuce kwata fainal a kofin duniya, ko a 2023 da suka je suna na ɗaya Niyu Zilan ce ta koro su 28 da 24 a Faris.

Ɗan_Maraɗi_a_Makka:

Hhhh Likita so kake a kori bawan Allah daga aiki, igamarsa fa, wato takardar zamansa, a hannun mutane take.

Maman_Sultan:

Af na manta, ba sai an je Ailan ba ma, nan Riyad akwai kulob ɗin GAA, haka Dubai da Bahrain da Ƙatar, har gasa suke yi tsakaninsu. Mutanen nan sun daɗe a ƙasar nan, laban ɗin Almarai da muke sha da kabsa ai da wasu 'yan'uwa biyu 'yan Ailan aka kafa kamfanin a 1977. Ɗan_Nasr7 tunda kai ne mai ƙarfin musu ka nemi inda suke tirenin ka je ka gwada, ƙafa kana da ita hannu ma an halatta maka, sai dai kar ka tambaye su albashi.