Da ta ce "let's table it", a gabatar take nufi ko a jingine?

Salamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya san Turancin ofis ya warware mini wannan.

Ni ke rubuta bayanan taro a ƙungiyar da nake aiki. Ranar Talata muna cikin maganar sayen sabon janareta, sai shugabar shirin ta ce "let's table it", aka wuce zuwa batun albashi. Kowa ya gyaɗa kai kamar ya gane.

Na duba ƙamus, abin ya ƙara cukurkuɗewa. A Turancin Ingila ma'anarsa a kawo batu gaban taro a tattauna, kamar yadda muke ji a labaran Majalisar Tarayya idan an gabatar da ƙuduri. A Amurka kuwa akasin haka ne, wato a jingine maganar sai wani lokaci. Manhajar fassara ma ba ta tsinana komai ba, tebur kawai ta kawo mini.

Inda gizo ke saƙar, matar 'yar Amurka ce, amma ta daɗe tana aiki a Landan. Akantanmu ya ce an ajiye maganar ke nan. Mai kula da kaya ya rantse a ajandar mako mai zuwa za a sa, har ya fara zagaya kasuwa yana tambayar farashi. Ita kuma ta tafi hutu, ba ta amsa imel, ga shi gobe da safe zan miƙa rahoton.

Tunda daga faɗa aka wuce zuwa wani batu, wanne ya dace in rubuta: "an jingine" ko "za a gabatar"?