An miƙo wa ma'aikacin gwamnati takardar tuhuma: me ya kamata ya yi?

Magatakarda: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu haɗa abin da muka sani a kan wannan, don yawancin waɗanda ake kora tun a kwana ukun farko suke yi wa kansu illa. In an miƙo maka takardar, karɓa, ka sa hannu, ka rubuta kwanan wata da ƙarfe nawa ne a kwafin da za su koma da shi. Ƙin karɓa ba ya tsayar da komai, laifi na biyu ne. Takardar tana neman ka amsa zargin da ake maka a rubuce, wa'adin amsar kuma gajere ne, wani wurin awa 48, wani awa 72, kuma yawanci daga lokacin da ka sa hannu ake fara lissafi. In lokacin bai ishe ka ba, nemi ƙari a rubuce kafin wa'adin ya cika.

Tsohuwar jami'ar gudanarwa: Wa alaikumus salam. Malam, bari in ɗora a kan amsar kanta, don nan ne abin yake ba ni tausayi. Mutum zai cika shafi uku da labarin yadda shugabansa ya tsane shi, tuhumar kuwa bai taɓa ta ba. Bi zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya da lambarsu. An ce ba ka zo aiki ranar kaza ba? Kawo takardar asibiti, ko kwafin shafin littafin sa hannu, ko takardar izinin hutu, ka ambace su a cikin amsar sannan ka maƙala su. Kar ka rubuta "ina neman afuwa" a kan abin da ba ka aikata ba; kwamitin da zai binciki zargin zai karanta shi a matsayin amsa laifi. In kuwa ka aikata, faɗi gaskiya a taƙaice tare da dalili. Yi kwafi biyu, ka sa a buga wa naka hatimin karɓa a ofishin rajista. Takarda tana ɓacewa daga fayil, mai hatimin da ke gidanka ita ce shaidarka.

Lauya: Hajiya ta yi gaskiya. Abin da kotu ke fara dubawa shi ne ko an saurare ka yadda ya kamata: an gaya maka laifin dalla-dalla, an nuna maka takardun da aka dogara da su, an ba ka damar kare kanka, kuma wanda ya zarge ka bai zauna cikin masu yanke maka hukunci ba. Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, ta ce a sashe na 7 ba a sallamar ma'aikaci saboda halinsa ko aikinsa sai an ba shi damar kare kansa. Sashe na 5 ya hana korar mutum don yana cikin ƙungiyar ma'aikata, ko don ya kai ƙarar wurin aikinsa, ko don juna biyu da hutun haihuwa. Sashe na 6 ya ƙara da rashin zuwa aiki na ɗan lokaci saboda rashin lafiya. Sai dai yarjejeniya tana ɗaure ƙasar da ta amince da ita ne kawai, don haka makaminka na kusa shi ne kundin dokokin aikin gwamnati na ƙasarka da takardar ɗaukarka aiki. Nemo sashen da aka ce ka karya, ka karanta da idonka.

Wakilin ƙungiya: Ku sanar da ƙungiya tun ranar farko, don Allah. Ana zuwa ne bayan an rufe fayil, lokacin da gyara ya yi wuya. Nemi a rubuce a bar wakili ya raka ka gaban kwamiti, ya riƙa rubuta tambaya da amsa. Yarjejeniya ta 151 ta 1978 ma'aikatan gwamnati aka yi wa musamman, tana kare su daga tsangwama saboda harkar ƙungiya, amma batun soja da 'yan sanda ta bar wa dokar kowace ƙasa.

Magatakarda: Barista, in an dakatar da mutum fa?

Lauya: Dakatarwa ba kora ba ce, yana nan ma'aikaci. Ya duba takardar: da cikakken albashi ne, ko rabi, ko babu, kuma wace doka aka ambata. Ya bar adireshi da lambar waya a rubuce, kar ya yi tafiya ba izini, don in an aika sammacin kwamiti ba a same shi ba, za a iya zama a bayan idonsa. In an wanke shi, ya nemi albashin da aka riƙe. In hukunci ya fito, ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, zuwa kotu ma haka, kuma wasiƙun roƙo da yake aika wa manya ba lallai su tsayar da lissafin kwanakin ba. Ranar da ya karɓi takardar hukuncin, ranar ya kai ta wurin lauya.