Ta ina labarin shirin gwamnati ya iso muku?

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ana kashe kuɗi sosai wajen wayar da kai kan karatu da samar da aiki: alluna a bakin titi, talla a talabijin, taro a otal. Kowa ya faɗa mana ta inda labarin ya same shi da gaske.

Maman Khadija: Wa alaikumus salam. Ni dai rediyo. Ina tankaɗen garin tuwo a 2024 na ji ana bayanin bashin karatu na NELFUND da Hausa, cewa babu ruwa a ciki, kuma sai shekara 2 bayan bautar ƙasa za a fara biya. Maigida da ya ƙi tun farko, jin haka ya bar yaronmu ya cike fom.

Tsohon Hedimasta: A 1976 da aka fara UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, saƙo daga hakimi yake zuwa ga dagaci, dagaci ya tura mai shela. Da dare kuma motar majigi ta kafa farin kyalle a ƙofar fada, gari ya taru, a nuna amfanin makaranta. Yaro ya ɗora hannu bisa kai, in ya taɓo kunne a rubuta sunansa. Mutane sun yarda ne don sun san bakin da ya faɗa musu.

Mai Shagon Intanet: Baba, Allah ya ƙara lafiya, wannan bakin ne muka rasa. Da aka buɗe N-Power, shirin samar wa matasa aiki, a 2016, ana biyan masu digiri naira 30,000 a wata, shagona cika yake har bayan isha'i. Yawancinsu a bakin abokai ko WhatsApp suka ji. Wasu sun zo bayan 'yan damfara sun karɓe musu kuɗi a shafin bogi, suna riƙe da takardar da ba ta da amfanin komai. Abin yana min ciwo. Da an riƙa nanatawa a rediyo da masallatan Juma'a cewa rajista kyauta ce, ga kuma shafin gaskiya, da an tsirar da mutane da yawa.

Malamar Karkara: An kafa ƙaton allo kusa da makarantarmu, hoton wani babba ya cinye rabinsa, rubutun kuma da Turanci. Iyayen da suka kawo 'ya'yansu mata, mu muka bi su gida gida tare da mai unguwa. Suka zo suka tarar iska ta yaye kwanon aji, yara zaune a ƙasa. Wasu ba su dawo ba. Kuɗin allon nan da ya isa a rufe ajin.

Ɗan Zazzau: Malama, sannu da ƙoƙari. Da kuka shiga gidajen, me iyaye suka fi tambaya?

Malamar Karkara: Banɗakin 'yan mata, sai kuma ko malama mace ce za ta koyar da su.